Ranar da Muka Ɓamɓare Katakon Isuhu

Duk wanda ya taɓa kama motar safe a tashar Tasawa ya san ba a gaida Isuhu sai ya gama shafa. Ka zo da sallamarka, ka tsaya da ita a baki, don mutumin yana durƙushe kan kujerar motarsa da tsumma da 'yar kwalbar man gyaɗa, yana goge katakon da ya manna a tablo, wato allon nan na gaban direba inda agogon gudu yake. Sai ya bi shi lungu-lungu, ya hura masa iska, ya ja da baya ya karkata kai ya duba, sannan ya leƙo ta taga ya ce, "To, wa ke magana?" Ko liman ne haka zai jira.

Ni ne Habu, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka koyi tuƙi, motocinmu ma iri ɗaya ne, bashe, mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufa wa tamfol. Kasuwanninmu ɗaya, Urafan da Korgom da Mayahi. Tawa ta fi tasa lafiya, wannan kowa ya sani, ba yabon kai ba ne. Amma tasa tana da katako, tawa babu. Shekara bakwai na yi ina ciwon katakon nan a zuciya. Tunda yau mai shi ba ya nan balle ya yi mini dariya, bari in gaya muku yadda aka yi ya bar motar, don da hannuna a ciki.

Wani tsohon masassaƙi ne a Korgom ya yi masa shi, guda uku. Akwai dogo da ya ratsa daga gefen sitiyari har saman akwatin takardu, akwai zobe da ya kewaye agogo, sai wani ɗan ƙarami da ba shi da aikin komai sai kyau. Ja ne wur, yana sheƙi, in ka matsa har haƙoranka kake gani. Dokar zama gaba kuwa ɗaya ce, kun san ta: "Ido shi ci, hannu shi yi azumi." Faransancin da Isuhu ya iya duk duniya kalma biyu ne, "Tushe pa!", wato kada ka taɓa, kuma don katakon nan ya koye su.

Kun tuna ranar Ardo Buba? Dattijon Bafulatanin nan mai jajayen shanu, ya zauna gaba za shi kasuwar Urafan, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mota ta faɗa wani rami, kan sanda ya ce ƙwas a jikin katako. Isuhu ya taka birki a tsakiyar daji, ya kashe mota, ya naɗe hannu.

"Ardo, ba shi haƙuri."

"Wa?"

"Wanda ka buga."

Ardo ya duba dama, ya duba hagu. "Direba, icce ne fa. Da irinsa matata take dafa tuwo."

"To matarka ta kai ka Urafan."

Mutanen baya suna gasuwa a rana su da akuyoyinsu, suka shiga roƙo, Ardo don Allah, Ardo don Annabi. Da ya ga kasuwa za ta watse ba shi, sai ya sunkuya ya ce, "Icce, yi haƙuri." Isuhu ya kara kunne jikin katako, ya ɗan saurara, ya ce, "Ya ce ya ji, amma sanda ta koma baya."

Da ni aka yi wa haka, ni da motar har abada. Amma mako na zagayowa sai ga Ardo ya wuce motata, ƙofa a buɗe ina washe masa baki, ya je da kansa ya miƙa wa mutanen baya sandarsa, ya shige gaban ta Isuhu ya ɗora hannuwa kan gwiwa kamar ɗan lakwal a gaban malamin aji. Haba jama'a! Wannan wace irin duniya ce?

Ga shi motar ba ta tashi da makulli. Ba wai batir ya mutu ba, a'a, ajiye shi yake. "Batirina na ranar naƙuda ne," in ji shi, wai sai ranar da za a kai mai haihuwa likita. Kullum a kan gangare yake ajiye ta, fasinja su sauka su tura, har masu manyan riguna. Ina gefe ina kira, "Ga mai tashi da makulli! Ba turi, ba wahala!" Wata tsohuwa mai daddawa ta tsaya tana haki bayan ta gama tura rabonta, ta ce mini, "Ɗana, taka tana tashi, gaskiya ne. Amma ta Isuhu in ka shiga sai ka ji kai ma wani ne." Ranar ko furar rana ban iya sha ba.

Sai na ce to, shi ma ba da shi aka haife shi ba. Na samo akwatin shayi wajen wani mai kanti, na fasa, na yanka daidai tablo, na shafa jan fenti, na kafa da ƙusa. Ƙusa ɗaya ta huda waya, duk sanda na kunna fitila sai oda ta kama kuka. Kwana uku rana ta cinye fentin, rubutun akwatin ya fito ɓaro-ɓaro, har da hoton buta. Isuhu ya zo, ya sa kai ta taga, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba alamar dariya.

"Tobashi, barka. Da sukari ake shiga ko kai ke badawa?"

Tun daga ranar sunan motata Akwatin Shayi. Na cire katakon da yamma, amma sunan bai ciru ba. Wasunku da ke karanta wannan har yau haka kuke kiranta, ina jinku.

To sai shekarar nan ta zo da damina ta ƙi, lokacin soja. Gero ya bushe tun yana gwiwa, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, Fulani suna saida saniya a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Mai ya yi wuya, har Hajo matar Isuhu ta koma ɓoye kwalbar man gyaɗa cikin tulu. Ya gano. Da ta kama shi yana tsiyaya, ya ce mata, "Shi ma hwari ya taɓa shi, ba ki ga ya kwaɗe ba?" Ta ce, "To in na tuƙa in ɗibar mashi nashi?" Ya ce, "A'a, ba shi cin dawa."

Ana nan aka ce gwamnati tana neman motoci su kai dawar taimako ƙauyuka. Aka ɗauki tawa, aka ɗauki tasa, za mu Attantane. Wani hafsan soja ne zai raka kayan. Na wanke mota, na shimfiɗa sabon zane a kujera, na tsaya ƙiƙam. Ya zo, ya dubi tawa, ya dubi ta Isuhu, ya leƙa ciki, ya yi fito da baki. Shi ke nan. Na ga soja da igiyoyinsa a kafaɗa ya kai hannu zai shafa, na ji Isuhu ya daka masa "Tushe pa!", na ce yau dai mutumin nan zai kwana a kaso. Ina! Hafsan ya fashe da dariya, ya janye hannu, ya zauna. Har mota ya sa sojojinsa suka tura. Ni kuwa na bi bayansu da buhuna ina shan ƙurarsu tun daga Tasawa har Attantane. Da muka isa, mata suna guɗa, duk wajen motar Isuhu suka nufa, alhali buhunan da ke bayana sun fi nasa yawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a hanyar dawowa zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

A shekarun nan an tsananta a kan itatuwa, musamman gawo, don hamada tana matsowa. In aka kama ka da ɗanyen reshe ka shiga uku. Akwai wani ma'aikacin gandun daji da aka kawo sabo, mutum ne mai bin doka sak, ba ya karɓar ko goro. Na same shi wajen mai tsire, na zauna kusa da shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ana hana talaka reshe, wani kuwa yana yawo da gawo sukutum a gaban mota." Ya ce ai katakon ja ne, gawo kuwa fari. Na ce, "Ka leƙa ƙarƙashin akwatin takardu, inda fenti bai kai ba." Na san wurin ne saboda wata rana waya ta tsinke masa a daji, ni na kwanta na sa kai na ɗaura. Duk duniya ba wanda Isuhu ya taɓa bari ya sa kai a wurin sai ni. Ko gawo ne, ko ba gawo ba ne, wallahi har yau ban sani ba.

Ni a tunanina za a ɗan ja masa kunne ne a gaban mutane, in samu abin dariya na mako guda.

Washegari da hantsi sai ga mutumin a tasha, da jandarma ɗaya a bayansa. Bai dubi ko'ina ba, kai tsaye ya buɗe ƙofa, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin akwatin takardu, ya kankara da farce. Ina tsaye jikin motata ina yi kamar ina duba taya.

"Wa ya sassaƙa maka?"

"Na mance," in ji Isuhu.

"A wane gari?"

"Can wajen."

"Ina takardar iccen?"

"Ranka shi daɗe, ni kaina ba ni da takardar haihuwa, ga ni kuwa tsaye gabanka."

Mutane suka yi dariya, ma'aikacin bai yi ba. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko Isuhu ya faɗi masassaƙin a je a tambaye shi inda ya sari itacen, ko kuwa kafin azahar ta gobe katakon ya bar motar, kada ya sake ganinsa a ciki. In ba haka ba, a ja motar a kulle ta a furiyar, inda ake tara abin da aka kama, sai yadda hali ya yi.

Motar nan a shekarar ita ke ciyar da gidansa da gidan ƙanensa da ya tafi cirani. Kuma duk ranar Lahadi tiyar hatsi yake ajiye wa gwaggonsa, wato uwata, ba ya ko jira ta yi godiya. Duk na san wannan lokacin da nake zaune wajen mai tsire, baƙin ciki ne ya rufe mini ido.

Direbobi suka kewaye shi. "Isuhu, hwaɗi sunan tsohon mana, ka tsira da abinka!" Ya girgiza kai.

"Tsohon da ko hatsin kwana ba shi da shi zan miƙa ma hukuma? Bakina bai iya wannan aiki ba."

Ya faɗe ta ne yana kallon ƙasa, amma ni na ji ta kamar an watsa mini ruwan zafi.

Da gari ya waye ya juya motar ta fuskanci rana, ya rufe gilasai. Da dafaffen ƙaro da gam ɗin facin taya aka manna katakon, in ba zafi ya ratsa shi ba, ba zai saki ba. Masu ba da shawara suka taru. Wannan ya ce a sa bakin wuƙa, wancan ya miƙo ƙarfen cire taya. Isuhu ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku da haka kuke cire ma ɗiyanku haƙori?" Ya fito da zaren ɗinkin buhu, ya goga masa sabulu, ya ɗaura ɗan kara a kowane baki. Ya ɗaga kai ya hango ni can nesa inda na raɓe.

"Tobashi! Taho. Aikin na mutum biyu ne, kuma kai ka hi kowa sanin katakon ga, shekara bakwai kana kallonshi."

Ina zan ƙi? Na shiga na zauna a kujerar gaban nan da ban taɓa zama ba. Cikin motar kamar tanderu. Ya zura zaren ta bayan kusurwar dogon katakon, ya riƙe baki ɗaya, ya ba ni ɗaya.

"In na ja ka saki, in ka ja in saki. A kwance, kamar ana yankan sabulu. Kada ka ɗaga sama, tsagewa zai yi."

Muka fara. Ja, saki, ja, saki. Gam yana miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, gumi yana zuba mana a ido. Zare ya tsinke sau biyu, muka sake. Da muka kai tsakiya, inda katakon ya fi siriri, na ji shi a yatsuna yana lanƙwasa. In da na ɗan ɗaga hannu kaɗan, ƙas, an gama, ba wanda zai ce da gangan ne. Shaiɗan ya raɗa mini, na ji shi sarai. Sai na saci kallon Isuhu, na ga leɓensa yana motsi yana bismilla, hawaye ko gumi ban sani ba yana bin gemunsa. Na kwantar da hannuna, na ja a hankali, har muka fita ɗaya gefen. Katakon ya faɗo a tafin hannuna lafiya lau, da ɗuminsa.

"Tushe pa," in ji shi, amma muryar ba ƙarfi.

Zoben agogo da ɗan ƙaramin ba su ba mu wahala ba. Ya jiƙa tsumma da kananzir muka goge sauran gam. To ku ji ikon Allah! Ashe duk inda katako ya rufe, fentin motar yana nan sabo fil kamar ranar da ta fito daga kamfani, sauran wurin kuwa rana ta cinye. Mutane suka yi ta leƙe suna "Kai! Kai! Dubi sheƙi!" Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, wai a zo a ga motar Isuhu ta yi sabuwar fata. Washegari tasa ta riga tawa cika kamar kullum. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni ne na yi dakon takin da kaina har gonarsa.

Ma'aikacin kuwa tun ranar ya zo da azahar, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya tafi. Da tasha ta yi sauƙi, Isuhu ya naɗe katakon uku cikin tsohon rawani, ya tako har motata, ya ajiye mini a cinya.

"Riƙe."

"In yi mi da shi?"

"Wanda ya san inda hwarin yake, shi ya san inda zai ɓoye shi."

Ya juya ya tafi abinsa. Na zauna baki buɗe, ga abin da na yi shekara bakwai ina mafarki a cinyata, kyauta, kuma ba halin in manna shi, tunda da bakina na ce gawo ne. Wayyo Isuhu! Ko alƙali bai iya irin wannan hukunci ba.

Bai sake tayar da maganar ba. Ranar Lahadi tiyar uwata ta zo kamar yadda ta saba. Aka canza wa ma'aikacin gari, soja suka tafi, wasu sojan suka dawo, damina ta yi kyau ta sake ɓaci, bai ce in maido ba, ni kuma kunya ta hana ni kaiwa. Muka ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya, yana ce mini Akwatin Shayi, ina ce masa Sarkin Turi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je na same shi a zaure, ya rame har ban so in dube shi ba. Na zauna, na yi ta murza hula, sannan na ce, "Isuhu, maganar katakon nan. Ni ne."

Ya buɗe ido ɗaya. "Yo da wa nike cewa? Ardo?"

"Ka yahe mani."

"Tun cikin mota na yahe. Da munka kai tsakiya na ji hannunka ya tsaya, na ce yau zan san ko wane ne tobashina. Sai ka kwantar da zare." Ya yi tari, ya huta. "Baƙin ciki gare ka, Habu, kamar na jaki. Amma hannunka na da amana."

Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Kun ga jama'ar da ta zo. Daga Urafan, daga Korgom, daga Mayahi, har 'ya'yan Ardo Buba da sandunansu. Tsofaffin da suka sha tura motarsa su ne suke ture juna wajen ɗaukar makara. Ina cikin sahu ina kuka, sai na kama kaina ina ƙirga layuka ina cewa a raina, ni ranar tawa ko rabin wannan zan samu? Har a makabarta mutumin nan ya fi ni fasinja. Na yi istigfari, na san da yana ji da ya yi dariya har ya ƙware.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya sanyaya makwancinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa tsohon Korgom, ya kuma rufa mini. Ni kuma Allah ya wanke mini wannan zuciya kafin in je in same shi, don kada in tarar da gidansa a Aljanna in fara leƙe ta taga. Amin.